Wayata ta koma garwashi bayan sabuntawa: abin da nake rubutawa kullum

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Daren Alhamis wayar ta nemi a sabunta ta, na danna mata. Babbar sabuntawa ce, irin wadda take sauya zubin Android gaba ɗaya, ta ci mini data sama da giga 3. Da gari ya waye komai ya sauya kama, abin gwanin sha'awa, sai dai bayan wayar ya ɗauki zafi tun ban fara aiki da ita ba. Jiya na cire ta daga caji ƙarfe bakwai na safe tana 100, kafin maza su dawo daga masallacin Juma'a ta sauko 31. A da, da irin wannan aikin, sai wajen magariba take neman caji.

Wayar nan ita ce shagona. Atamfa, leshi da mayafai nake sarowa a Kantin Kwari, in ɗauki hoto in ɗora a WhatsApp, a yi ciniki a can, kuɗi su shigo ta manhajar banki, mai babur ɗin da yake kai kaya ma da ita nake nemansa. Ƙarshen 2022 na saye ta, ƙarfin batirinta 5,000 mAh a rubuce.

Yaron da yake shagon caji a bakin layinmu ya ce in kawo a yi mata filashin, a mayar da ita tsohon zubi, naira 5,000. Ƙanina mai karatun kwamfuta ya hana. Ya ce, "Yaya, kar ki ba kowa ita tukuna. Ki riƙa rubuta abin da kike gani. In kuma za ki taɓa wani abu, ki taɓa guda ɗaya ki jira ki ga." Dalilin wannan rubutun ke nan.

Litinin, 7 ga Afrilu

Ƙanina ya zauna ya yi mini bayanin abin da waya take yi a ɓoye bayan babbar sabuntawa. Kowace manhaja sai tsarin ya sake harhaɗa ta don ta dace da sabon zubi. Hotuna da bidiyo kuma sai a sake bin su ana tantancewa, ni kuwa dubbai ne a wayata. Ga kuma ɓangaren nan da yake lura da manhajojin da mutum ya fi buɗewa don ya kwantar da sauran, wanda aka shigo da shi tun Android 9 a 2018, shi ma yana bukatar lokaci kafin ya sake gane halin mai wayar. Kamar dai amarya ce ta tare, sai an kwana biyu ana jere kafin ɗaki ya natsu.

Amma nan gizo ke saƙar: mafi yawan harhaɗawar nan Android yana ajiye ta ne sai wayar tana jone da caji kuma babu mai taɓa ta. Wanda ya tsara haka yana ganin kowa da wuta yake kwana. Mu kuwa in an kawo wuta da rana, lokacin ne nake caji ina amsa saƙo a tare, da dare kuma duhu. Wato wayar ba ta samun sararin da za ta gama aikinta.

Na kai ta gidan maƙwabciyata mai sola ta kwana a caji, ba a kashe ba, ba kuma a taɓa ba. Na cire mata rigar roba mai kaurin nan. Wata a cikin masu saye ta ce in riƙa jefa ta firji na minti biyar. A'a. In waya mai zafi ta shiga sanyi haka, raɓa ce take taruwa a cikinta, a je neman sauƙi a jiƙa fanel, wato allon da kayan cikin waya suke kai. Kan tayil nake kifa ta, gaban fanka in akwai wuta.

Laraba, 9 ga Afrilu

Da ɗan sauƙi. Da safe ba ta zafi in tana ajiye. Cajin dai bai kai la'asar ba har yanzu.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Yau na ga ta kaina. Na shiga Kwari wajen sha ɗaya, wata mai saye daga Abuja tana son ganin leshi ta kiran bidiyo kafin ta turo kuɗi, turmi shida take so na biki. Ina tsaye a shago mai rufin kwano, wayar tana jone da fawa bank saboda ta yi ƙasa, kyamara a kunne, hasken sikirin a ƙure don in ga fuskarta. Muna kan leshi na uku hoton ya fara tsinkewa, sai hasken ya dushe da kansa, sai ga gargaɗi wai wayar ta yi zafi, an dakatar da caji. Kafin in ce wani abu kiran ya yanke. Kyamara ta ƙi buɗewa. Gefen da yake kusa da kyamarar, in ka ɗora yatsa sai ka janye.

Mai shagon ya ce, "Hajiya, kawo ta nan," ya ajiye ta a ƙasan kanta inda siminti yake da sanyi. Kafin ta dawo hayyacinta, matar ta rubuto cewa ta samu a wajen wata. Cinikin da ya wuce ke nan.

Da na huce na zauna na lissafa abin da na tara wa wayar a lokaci guda: caji yana kawo zafinsa, kyamara da kiran bidiyo suna kawo nasu, sikirin ma haka, ga Kano a watan Afrilu da rana tana haura digiri 40. Kamfanin Apple ma a rubuce ya ce wayoyinsa an yi su ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, sauran wayoyi ma ba su yi nisa da haka ba. Dakatar da cajin da ta yi ba lalacewa ba ce, kare batirin take yi, don batirin litiyam in ana cusa masa caji yana wajen digiri 45, tsufa yake yi da wuri. To amma bara ma a irin wannan zafin na yi kiran bidiyo a kasuwar nan, ba ta taɓa yi mini haka ba. Akwai dai wani abu a ƙasa.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Ƙanina ya zo da laftof, ya jona wayar ta adb, hanyar da kwamfuta take ba wayar Android umarni, ya buga umarnin dumpsys battery. Layin zafin batir ya nuna 412. Na zabura, ya yi dariya ya ce a goma-goma ake karantawa, digiri 41.2 ke nan. Amma fa wayar tana ajiye ne a ɗaki, sikirin a kashe, ba caji. Waya mai barci ba ta kai haka. Ashe idonta biyu.

Ya tsara gwajin dare. A cika ta, a cire caji, a ajiye ta wuri ɗaya daga sha ɗaya na dare zuwa sallar asuba, kowane dare da yanayinsa: yadda take, sannan an danna alamar jirgi, sannan a sef mod. Sef mod ɗin shi ne a tayar da waya da manhajojin da ta zo da su kawai, duk wanda mutum ya sauke da kansa yana kwance. A tawa, sai ka danne maɓallin kashewa, in zaɓin kashewa ya fito ka sake danne shi har ta tambaye ka.

Laraba, 16 ga Afrilu

Sakamako. Yadda take: daga 100 ta kwana 77. Da alamar jirgi: 95. A sef mod, layuka a kunne: 88.

Ni da na ga lambobin ban ga komai ba sai da ƙanina ya fassara. Alamar jirgi ta kashe kusan duk zubar, wato matsalar tana tafe da sabis ko intanet. Sef mod ya rage rabi kawai, wato akwai wata manhaja da na sauke mai hannu a ciki, amma ba ita kaɗai ba ce. Ɓarayi biyu ne a gidan, ba ɗaya ba.

Na farko bai yi wuyar kamawa ba. Jerin cin batir bai tona ta sosai ba, don ta ɓuya a ƙarƙashin ayyukan tsarin. Jerin cin data ne ya fallasa ta: wata manhaja ta adana hotuna a intanet da na sauke tun shekarar da na sayi wayar, na ma manta da ita, ta ci kusan giga 6 a bayan fage daga ranar sabuntawa zuwa yau. Tun Android 13 aka raba izinin hotuna daban, na bidiyo daban, na sauti daban, Android 14 kuma ya ƙara da cewa mutum zai iya ba manhaja zaɓaɓɓun hotuna kawai. Ita wannan an daɗe ba a gyara ta ba. Ga alama ta rikice ne, ta ɗauka duk hotunan kayana sababbi ne, ta ɗora, ta kasa ƙarasawa, ta sake farawa. Dare da rana.

Abin da ya fi yi mini ciwo datar ce. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, kowane giga da lissafi nake kashe shi. Ina ta zargin bidiyon da nake ɗorawa a sitatus, ashe ba su ba ne.

Na kwashe abin da nake so daga cikinta, na goge ta. Na haɗa da wata mai hoton tsintsiya wadda wai tana share waya tana sanyaya ta. Irin waɗannan kashe manhajoji suke yi da ƙarfi, manhajojin su sake tashi, kowane tashi kuma da cajin da yake ci, ga tallace-tallace da suke saukewa. Android da kansa yana kwantar da manhajoji in an ajiye waya tun zubi na 6 a 2015, ba ya bukatar ɗan aike.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ta kwana 89. Ta yi daidai da abin da sef mod ya nuna.

Asabar, 19 ga Afrilu

Ɓarawo na biyu. A cikin saiti, wajen bayanin layi, akwai lambar ƙarfin sabis. A tsakar gida layina na farko yana wajen -90 dBm, a uwar ɗaki inda nake ajiye wayar da dare kuwa -112. Lambar in ta ƙara nisa ƙasa da sifili, sabis ya ƙara rauni, waya kuma sai ta ƙara ƙarfin da take magana da turken sabis, ta ci caji, ta yi ɗumi. Sandunan nan na saman sikirin ba sa faɗin gaskiya duka.

Sannan na tarar zaɓin nau'in sabis ya koma kan 5G, alhali na san a 4G na bar shi. Tun 2022 5G ya shigo Najeriya, amma a unguwarmu leƙowa yake yi ya koma. Wayar sai ta yi ta tsalle tsakanin biyun. Na mayar da ita 4G. Layina na biyu kuwa, wanda na riƙe saboda tsofaffin masu saye, a cikin ɗaki kusan babu shi sam, yini yake yana lalube. Yanzu da dare nake kashe shi, wayar kuma ta koma kwana kusa da taga.

Ƙanina ya so a sake saitin sabis gaba ɗaya, na yarda. Wannan yana share duk kalmomin sirrin Wi-Fi da duk abin da aka haɗa ta Bluetooth. Sai da muka buɗe bayan 'yar na'urar intanet ɗina muka karanto lambar da ke jikin batirinta kafin wayar ta sake shiga. Wanda zai yi, ya rubuta su a takarda tukuna.

Talata, 22 ga Afrilu

Tana kwana 95, 96. Zafin ajiye ya tafi. Da rana kuwa, da aiki, la'asar take kaiwa da ƙyar.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Wata 'yar sabuntawa ta iso, ƙarama, ba ta kai rabin giga ba. Na yi jim kafin in danna. Ƙanina ya tuna mini da iPhone 15 Pro: da ta fito a Satumbar 2023 mutane suka yi ta kukan zafi, Apple ya amsa cewa akwai kuskure a iOS 17 da kuma wasu manhajoji irin su Instagram da Uber da suke wahalar da wayar, ya fitar da iOS 17.0.3 a farkon Oktoba don gyara. Sau da yawa ƙaramar da take biyo babbar ita ce mai ɗinke ɓaraka. Na saka ta da dare, a gidan mai sola. Ban ga ta ƙara ba, ban ga ta rage ba.

Asabar, 26 ga Afrilu

Tun makon jiya na saka manhajar AccuBattery, mai auna yawan cajin da yake shiga batir a kowane jonawa. Sai an yi caji da dama kafin lissafinta ya zauna. Yanzu ta tsaya a wajen 3,600 mAh. Daga 5,000. Kusan kashi 72 cikin ɗari ke nan. A ƙa'idar da aka saba ji, batirin waya yana riƙe kashi 80 bayan cikakken caji 500, ni kuwa a shekara biyu da rabi, wani lokacin caji biyu a yini, na wuce nan da nisa.

Na tafi kasuwar waya ta Farm Centre wajen wani mai gyara da mijin yayata ya san shi. Dattijo ne, ba ya gaggawa. Ya ɗora wayar kan gilashin kantarsa ya danna kusurwa ɗaya, sai ta ɗan yi rawa. Ya ɗaga ta saitin haske ya nuna mini gefen murfin baya, akwai wata 'yar tazara da takarda za ta iya shiga. Ya ce, "Hajiya, batirin nan ya fara kumbura. Rigar da kike saka mata ce ta ɓoye miki."

Na ce, "Injiniya, to ba fanel ba ne? An ce mini in waya tana zafi fanel ne."

Ya buɗe ta, ya cire igiyar batir, ya jona wayar da na'urarsa mai nuna yawan wutar da ake ja. Da ta gama tashi ya kashe sikirin muka zuba ido, lambar ta yi ta sauka har ta kusa kwanciya. Ya ce da akwai inda wuta take zuba a fanel, da ba za ta sauka haka ba.

Na tambaye shi maganar filashin. Ya girgiza kai. Komai na ciki zai goge, wayoyi da yawa yanzu ba sa yarda a mayar da su tsohon zubi, in aka matsa sai su ƙi tashi gaba ɗaya, kuma in aka buɗe makullin tsarin don a yi dabara, wasu manhajojin banki daina aiki suke yi. Bayan duk wannan, batirin yana nan yadda yake.

Ni a ganina sabuntawar ba ita ta tsufar da batirin ba. Ya daɗe yana ja da baya a hankali ban lura ba, sai da aka ɗora masa aikin kwana da kwanaki a tsakiyar bazara asirinsa ya tonu. Akwai dai inda sabuntawa take rage ƙarfin batir da gangan: a Janairun 2025 Google ya aika wa wayarsa Pixel 4a irin wannan, ya kuma ba waɗanda abin ya shafa zaɓin canjin batir kyauta, ko dala 50. Tawa ba wannan ba ce.

Farashin batir: akwai na 9,000, akwai na 19,000 mai garantin wata uku. Kuɗin dubawa 2,000. Injiniya ya ce kafin in dawo kar in yi caji a ƙarƙashin matashi, kar in bar ta a caji ba kowa kusa, kar kuma in danna wajen kumburin.

Laraba, 30 ga Afrilu

Ajiyar bayanai kafin a taɓa ta. Tun 2024 ajiyar WhatsApp ta Android tana shiga cikin giga 15 ɗin da Google yake bayarwa kyauta, nawa kuwa ya cika maƙil da bidiyon kaya. Muka kwashe hotuna da bidiyo zuwa laftof ta igiya, na cire bidiyo daga ajiyar, sannan ta tafi. Lambobin masu saye da masu bashi na kwafe su a littafi da biro. Yini guda ya tafi a nan.

Asabar, 3 ga Mayu

An canja batir. Na ɗauki na 19,000. A gabana injiniya ya ɗumama murfin ya ɗaga, ya zare tsohon a hankali da abin roba, ba ƙarfe ba. Da ya ajiye su gefe da gefe, sabon a shafe yake, tsohon cikinsa ya taso. Na so in taho da shi, ya ce a'a, ba a jefa shi a shara ko a wuta, suna da masu karɓa.

Da na iso gida sai na ga wajen ɗora yatsa ba ya amsawa, manhajar banki kuwa da shi nake shiga. Ba shiri na koma. 'Yar siririyar igiyar da take haɗa shi da fanel ce ba ta zauna daidai ba, ya sake buɗewa ya danna ta, bai karɓi komai ba sai haƙuri da ya yi ta bayarwa. Kuɗin adaidaita sahu dai ya ninka. Ya kuma gaya mini gaskiya cewa gam ɗin da ya mayar ba kamar na kamfani ba ne, in kiyaye ta da ruwa, ga damina tana tafe.

Talata, 6 ga Mayu

Lambar caji tana ɗan tsalle, daga 40 ta faɗo 33 a lokaci guda. Injiniya ya ce in bar ta ta sauka ƙasa sosai sau ɗaya, in cika ta ba tsayawa, ma'aunin zai gane sabon batirin.

Asabar, 10 ga Mayu

Tsallen ya daina. Daga bakwai na safe, da cikakken aiki, tana kai isha'i da saura wajen 20. Da dare 97.

Lissafin kuɗi zuwa yau: batir 19,000, dubawa 2,000, zirga-zirga wajen 3,500, datar da waccan manhajar ta cinye da wadda sabuntawa ta ci wajen 5,000. Cinikin leshin nan ban saka shi ba, don in na saka raina ne zai ɓaci.

Sabon zubin yana da zaɓin tsayar da caji a 80 don batir ya daɗe. Ƙanina ya dage in kunna. Maganarsa gaskiya ce, batirin litiyam ba ya son zama a cike, balle cikin zafi. Amma wanda bai san yaushe za a sake kawo wuta ba, ba ya barin kashi 20 a bango. Mun rabu a kan haka: ranar da nake gida ina kunna shi, ranar kasuwa ina cika ta. Caji mai sauri kuma na kashe shi da rana, don na lura shi ne yake fi ɗumama ta.

Asabar, 17 ga Mayu

Saura abu ɗaya. Kiran bidiyo a cikin kasuwa da tsakar rana har yanzu yana ɗumama ta, ko da yake gargaɗin bai sake fitowa ba. Wannan ba na jin akwai saitin da zai magance shi. Babbar Sallah farkon Yuni ce, makonni biyun nan masu zuwa su ne na ciniki, don haka na sauya tsari: shiga Kwari da sassafe, ɗaukar gajerun bidiyo in tura maimakon kira, fawa bank kuma sai wayar tana cikin jaka a inuwa, ba tana hannu ana aiki ba.

Layi na biyu zan mayar da shi kan ƙaramar waya mai maɓalli, na sa a tambayo mini farashi ranar Litinin. Na kashe saukar da sabuntawa kai tsaye. Mai zuwa sai bayan Sallah, a daren da na tabbatar wayar za ta kwana a caji. Garantin batirin zai ƙare farkon Agusta, zan sake duba lambar AccuBattery a tsakiyar Yuli, in ta sauka da yawa in mayar wa injiniya tun da sauran lokaci.